Yadda Ake Aiki da Na'urar Tururi a Gida, da Wuraren da Ba a Kai Ta

Tambayoyin da ake yawan yi game da na'urar tsaftacewa da tururi ba su wuce uku ba: me za ta iya wankewa, me za ta lalata, kuma me ya sa wani ke yaba ta, wani kuma ya ce ruwa kawai take malale masa a ɗaki. Amsar duka ukun tana cikin abu guda. Wannan na'ura ba ta kwashe datti, tururinta yana jiƙa dauɗa ne ya narkar da maiƙo ya saki jikin abu, sannan tsumma ya ɗauke. Wanda ya fesa tururi bai goge nan take ba, dattin zai huce ya sake kamawa a inda yake. Ga matakan bi da bi.

1. Ku fara sanin wace iri ce a hannunku

Iri uku aka fi samu, kuma kowace da gwargwadon ƙarfinta.

Akwai 'yar ƙarama ta riƙewa a hannu, mai tankin da bai wuce mililita 200 zuwa 350 ba. Tana aikin minti goma ko ƙasa da haka kafin ruwanta ya ƙare. Ta dace da gindin famfo, kan kuka da lungunan taga. Kada ku sa ran wanke ɗaki guda da ita.

Akwai mai doguwar sanda da faffaɗan kai, wadda aka yi don ƙasa. Tana yin zafi cikin daƙiƙa 15 zuwa 30, domin ba ta tafasa ruwan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan take turawa kan ƙarfe mai zafi. Tururinta ba shi da matsi sosai, kuma ya fi jiƙa wuri.

Ta uku ita ce mai tukunya da tayoyi da dogon tiyo. Tankinta lita 1 zuwa 2, tana ɗaukar minti 5 zuwa 10 kafin ta shirya, kuma matsinta yakan kai bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne). Saboda ruwan yana tafasa a rufe, zafin cikin tukunyar yana haura digiri 100, ya kai wajen 130 zuwa 145. Ita ce mai aikin gaske, kuma mafi yawan bayanin da ke tafe a kanta yake. In katifa da layukan tayil ne damuwarku, ita za ku nema.

Gargaɗi: wannan adadi na zafi da ake rubutawa a kwali na cikin tukunya ne. Da tururin ya bar bakin na'urar ya haɗu da iska, zafinsa yake faɗuwa da sauri, ta yadda a tazarar taƙi ɗaya abin da ke isa jikin kaya ɗumi ne da laima kawai.

2. Kayan da za ku tanada, da abin da take ci

Na'urar takan zo da siririn baki mai harba tururi wuri ɗaya, da ƙananan burusai masu zagaye, da kai mai faɗin tafin hannu da ake sa wa rigar tsumma, da babban kai na ƙasa, wani lokaci da robar share gilashi. Burusan suna da bambanci: na roba don tayil da kayan da ke iya karcewa, na tagulla ko ƙarfe don wayar gashi da ƙarafan kan kuka kaɗai. In suna da launi daban-daban, ku ware na banɗaki da na kicin tun ranar farko.

Abin da kwali ba ya bayarwa da yawa shi ne tsumma, alhali shi ne rabin aikin. Ku tanadi na maikirofaiba, wato mai sirara-siraran zare mai shan ruwa da kama datti, aƙalla shida zuwa takwas. Ku haɗa da bokitin jefa waɗanda suka yi datti, da takalmi rufaffe, da tsintsiya ko na'urar zuƙar ƙura.

Wajen wuta, yawancinsu suna jan wat 1,000 zuwa 2,000. Mai wat 1,500 in ta yi awa guda tana aiki ba hutu ta ci yunit ɗaya da rabi. Ruwa kuwa ba ta sha da yawa, lita ɗaya tana kai kusan rabin awa, domin in ta zama tururi takan kumbura kusan ninki 1,700. Kuɗin da ke fita a kai a kai na tsummoki ne, da burusan da zafi ke lanƙwasawa, da maganin wanke tukunya ko 'yar matatar ruwa ga na'urar da ke da ita. Kafin saye, ku tabbata ana samun waɗannan a saya daban, don na'urar da ba a samun burushinta ta zama kayan ajiya bayan 'yan watanni.

Gargaɗi: ku sa filogin a soket na bango kai tsaye. Siririyar wayar ƙari tana yin zafi har ta narke. In kuwa dole ce, ku nemi mai kauri, ku warware ta gaba ɗaya, kada a haɗa ta da dutsen guga ko butar lantarki. Mai amfani da inbata ko ƙaramin janareta ya duba ko zai ɗauki wannan nauyi.

3. Zuba ruwa

Ku zuba ruwa bayan na'urar ta huce kuma filogi a cire. Ku auna da kofin da ta zo da shi. Mai tukunya tana buƙatar sarari a sama inda tururi zai taru. In kun cika ta maƙil, minti biyar na farko ruwan zafi za ta yi ta tofarwa.

Wane ruwa? Nan littafin na'urar ne alƙali, domin kamfanoni sun saɓa. Wasu sun ce tataccen ruwa zalla, wato wanda aka cire wa ma'adinai, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Wasu sun ce ruwan famfo ya wadatar, har sun hana tataccen ruwa shi kaɗai, sai dai a haɗa rabi da rabi. In ba ku da littafin, ku leƙa cikin butar dafa ruwanku. In tana yin farin ɓawo da wuri, ruwanku mai ma'adinai ne da yawa, kuma wannan ɓawon zai taru a tukunyar na'urar ya toshe baki. A irin wannan hali haɗin rabi da rabi ya fi aminci. Ruwan da ke da laka ko yashi a tace shi tukuna.

Gargaɗi: ruwan da ake ƙara wa batir daban, asid ɗin batir daban, ku karanta jikin kwalba. Sannan ba a zuba sabulu, turare, bilic, ruwan khal ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a tanki. Sabulu yana kumfa ya fito da ruwan zafi, turare yana cin zoben roba, bilic kuwa in ya tafasa hayaƙinsa huhunku zai shiga.

4. Share wuri, sannan gwaji

Ku share ko ku zuƙe ƙura kafin tururi ya taɓa wurin. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa a ga ƙasa ta yi zane-zane bayan ta bushe: ƙura ta haɗu da laima ta zama taɓo, tsumma ya yi ta shafa shi. Yashi ma in ya maƙale a tsumma yana karce tayil mai sheƙi.

Duk abin da ba ku taɓa sa wa tururi ba, ku gwada a wurin da ido ba ya kai wa, kamar bayan kujera ko ƙarƙashin gado. Daƙiƙa biyar a ƙaramin ƙarfi, ku danna farin tsumma ku ga ko launi ya fita, sannan ku bari ya bushe sarai kafin ku yanke hukunci. Wata ɓarnar, irin farin tabo a kan banish ko takurewar yadi, sai bayan bushewa take bayyana.

Ku buɗe tagogi. Yara da dabbobin gida su fita daga ɗakin.

5. Kunnawa da yadda ake riƙo

Ku ɗaure murfi sosai, ku sa kan da za ku yi aiki da shi, sannan ku kunna ku jira fitilar shiri. Feshin farko ku yi shi cikin bokiti ko kan tsohon tsumma na daƙiƙa biyar zuwa goma, domin ruwan da ya kwanta a tiyo shi ke fara fitowa. Haka za ku riƙa yi duk lokacin da kuka ajiye ta na 'yan mintoci.

Bakin ya kasance kusa, santimita 1 zuwa 3 daga jikin abu mai tauri. Ku karkata shi yadda dattin zai gudu gaba, nesa da ku, zuwa wajen da ba ku wanke ba tukuna. Ku fara daga sama ku gangaro. Ku ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin tayil biyu ko uku, ku fesa, ku goge, ku matsa. Hannu ɗaya na'ura, ɗaya tsumma, amma kada hannun tsumman ya shiga gaban baki sai kun saki maɓalli.

Kada ku danna burushi da ƙarfi. Zafin ne ke aiki, kuma gashin roba in ya yi zafi aka danne shi, bajewa yake ya tashi daga aiki. Haka kuma ƙure ƙarfin tururi ba ya ƙara tsafta, ruwa kawai yake ƙarawa. Matsakaici ya ishi yawancin aiki.

Gargaɗi: ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, domin yana sakin ƙarin zafi a lokacin da yake komawa ruwa a kan fata. Kuma daf da baki ba a ganinsa sosai. Kada ku gwada zafinsa da hannu, kada ku canza kai sai kun kulle maɓalli kun bar shi ya huce. In an ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da mai ko man goge baki. Ƙuna mai faɗi, ko ta fuska, ko ta yaro, asibiti za a nufa.

6. Tayil da layukan tsakaninsa

Nan ne na'urar ta fi nuna kanta. Ku fara da layukan, domin dattin da zai fito daga cikinsu kan tayil zai bazu. Ku sa ƙaramin burushin roba, ku bi layi a hankali, gaba da baya, tsawon kamu ɗaya a lokaci guda, ku goge baƙin ruwan kafin ya koma ciki. Simintin layi yana da ƙananan ƙofofi masu shan ruwa, shi ya sa in kun yi jinkirin daƙiƙa talatin ma aikin ya koma baya. Layin da ya shekara ba a taɓa shi ba zai so zagaye biyu. Aiki ne mai cin lokaci, ƙaramin banɗaki ma yana iya cinye awa guda, don haka ku raba shi kwana biyu in ya yi yawa.

Bayan layuka sai ku sa babban kai da tsumma mai tsabta. Ku fara daga ƙarshen ɗaki kuna ja da baya zuwa ƙofa. Tafiya a hankali, kowane zagaye ya ɗan hau kan na baya. Da tsumma ya jiƙe ko ya yi baƙi, ku canza shi. A matsakaicin ɗaki za ku canza sau biyu ko uku. In aikin ya yi daidai, ƙasa za ta bushe cikin minti biyu zuwa uku. In ta wuce haka, ko tururin ya yi yawa ko tsumman ya ƙoshi.

Wani abu da ke rikita mutane: wankin farko da na biyu ƙasa takan yi yauƙi ko dishi-dishi. Tsohon sabulun da aka shekara ana goge ƙasa da shi ne ke narkewa. A karo na uku ko na huɗu yakan ƙare.

Gargaɗi: layin da ya tsage ko yake marmashewa, tururi zai ƙarasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashin tayil. A gyara shi tukuna. Kuma kada ku bar kan na'urar a tsaye wuri ɗaya tana kunne, yana barin farin tabo.

7. Kicin

Maiƙo sabo ko matsakaici yana narkewa nan da nan. Kan kuka, bangon bayanta, maɓallanta, ragar na'urar zuƙar hayaƙi, gindin famfo, duk aikin siririn baki ne da tsumma. Ku kashe gas, ku cire filogin duk abin da ke da lantarki, ku bari ya huce. Ragar zuƙar hayaƙi a cire ta a jingina cikin wurin wanke-wanke a fesa daga baya, maiƙon ya zuba ƙasa.

Maiƙon da ya ƙone ya zama baƙin ɓawo a cikin obin, tururi kaɗai ba ya fitar da shi, ko da me tallar ta nuna. Ku shafa masa sabulun wanke-wanke ko kwaɓin bakin soda, ku bar shi rabin awa, ku goge, sannan ku bi da tururi da burushi. In kun yi amfani da maganin wanke obin mai ƙarfi, ku ɗauraye shi tas kafin tururi ya taɓa wurin.

Robar ƙofar firji tana tara datti a lanƙwasarta. Ku fesa daga ɗan nesa, wucewa ɗaya da sauri, ku goge. Zafi mai tsawo yana sa ta saki, ƙofa ta daina kamawa.

Gargaɗi: ba a narkar da ƙanƙarar firiza da tururi, robar ciki tana lanƙwashewa, kuma shelf ɗin gilashi mai sanyi yana fashewa. Ƙofofin kabad da aka yi da matsattsen garin katako aka lulluɓe da leda, ku nisanci gefensu: gam yana narkewa, ledar ta ɗago, katakon ya sha ruwa ya kumbura, kuma ba ya komawa.

8. Banɗaki

Maƙalen murfin masai, gindinsa, bayan famfo, layin ƙofar wanka, magudanar ruwa: wuraren da burushi ba ya shiga su ne tururi ya fi amfani. Ku riƙe tsumma a gefe ya tare abin da ke fantsama, ku kawar da fuska, domin matsin yana watso dattin waje.

Iyakarta a nan biyu ce. Farin ɓawon da ruwa ke bari a famfo da gilashi ma'adini ne, zafi ba ya narkar da shi. Abin da ke cinsa tsami ne: ku jiƙa tsumma da ruwan khal, ko babban cokali biyu na hodar sitirik asid a lita ɗaya ta ruwa, ku naɗe wurin minti goma, ku ɗauraye, sannan ku bi da tururi. Ban da kan mabul, domin tsami yana cinye sheƙinsa.

Ta biyu ita ce funfuna. Wadda ke saman tayil tana fita. Wadda ta shige cikin silikon, wato robar da ake toshe mahaɗa da ita, ta yi baƙi ba ta fita, sai an kankare silikon an sa sabo. Ta jikin bango mai fenti ko silin kuwa, tururi ƙara mata laima yake, ya kuma watsa ta cikin iska. Maganinta gano inda damshin ke fitowa.

Gargaɗi: in kun riga kun zuba bilic ko maganin wanke masai, ku ɗauraye da ruwa mai yawa kafin ku kawo tururi.

9. Gilashi da madubi

Ku ɗumama gilashin gaba ɗaya daga nesa, kamar rabin mita, sannan ku matso. Ku ja robar sharewa daga sama zuwa ƙasa, kuna goge bakinta bayan kowane ja. Tawul a gindin taga ya tare ruwa. Gilashi mai sanyi ƙwarai ko mai 'yar tsaga a bar shi, kuma kada a tsaya a gefen firam inda roba ko fenti yake.

10. Katifa, kujeru, da batun kuɗin cizo

A kan yadi, na'urar tana rage wari, ta tayar da gashin da ya kwanta, ta kashe ƙananan ƙwarin ƙura da ke sama-sama. Ba ta wanke kujera ko kafet wanki na gaske, tunda ba ta zuƙo ruwan datti. Wannan aikin wata na'ura ce daban mai fesa ruwan sabulu ta tsotse shi. Mutane da yawa suna sayen ta tururi suna zaton ita ce.

Ku zuƙe ƙura tukuna. Ku sa kai mai faɗi da rigarsa, ƙarfi a ƙasa, ku riƙa tafiya ba tsayawa. Yadin ya yi ɗumi da ɗan damshi, kada ya jiƙe. Ku jingina katifar, ku sa mata fanka awa uku zuwa huɗu ko fiye, kada a shimfiɗa zanin gado sai tafin hannu ya ji ta bushe. Bayan nan ku sake zuƙe ƙura, domin gawar ƙwarin da kashinsu su ne ke tayar da atishawa, kuma zafi bai ɗauke su ba. Da safe ake wannan aiki. Katifar soso in ta sha ruwa tana daɗewa ba ta bushe ba, cikinta ya yi funfuna, don haka wucewa ɗaya mara nauyi ta ishe ta.

Gargaɗi: jini, madara, ƙwai, amai da fitsari ba a sa musu zafi. Zafi yana dafa su cikin zare, tabon da warin su zauna dindindin. A fara cire su da ruwan sanyi da sabulu.

Kuɗin cizo kuwa zafi yana kashe shi, manya a wajen digiri 50, ƙwai kuma sai an ɗan haura haka. Matsalar ita ce isar da zafin inda yake ɓoye. A cikin yadi tururi ba ya shiga fiye da kimanin santimita 2. Don haka ana so saman wurin ya kai digiri 70 zuwa 80 daidai lokacin da kan na'urar ya wuce, abin da ke nufin tafiyar hawainiya: santimita 30 cikin daƙiƙa 30. Ku bi ɗinkin katifa, ƙarƙashin lakabinta, mahaɗar katakon gado, ramukan kusoshi, bayan allon kai, da lanƙwasar kujeru. Ku yi amfani da kai mai faɗi da tsumma a kai. Siririn baki yana hure su da rai su bazu cikin ɗaki, aikin ya ƙaru. Zanin gado da tufafi a wanke su a ruwa mai zafin digiri 60. Ku maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, saboda ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin. Tururi ba ya barin wani abu da zai ci gaba da kisa bayan wurin ya huce, shi ya sa in sun riga sun shiga bango da soket, sai an haɗa da masu feshi. In an riga an yi feshin, kada ku bi kansa da tururi.

11. Kashe ƙwayoyin cuta: gaskiyar lamarin

Adadin kashi 99.9 da ake bugawa a kwali daga gwaji ne a kan abu mai santsi da tauri, baki manne da shi na wani ƙayyadadden lokaci. Littattafan wasu na'urorin suna cewa a tsaya daƙiƙa 15 ko fiye a wuri ɗaya. Wucewa da sauri irin ta gugar ƙasa tsafta ce kawai. Ku ware wannan haƙuri don wuraren da suka cancanta, kamar kewayen masai da kwandon shara. Inda mara lafiya ya yi amai ko gudawa, matsin tururi yana iya watsa abin, don haka a kwashe, a wanke da maganin da aka tanada don haka.

12. Inda ba a kai ta ko kaɗan

Duk abin da ke tsoron ruwa, ko zafi, ko aka manna da gam, ya fita daga lissafi. Daɓen katako da na laminet, wato na matsattsen katako mai rufi a sama, suna kan gaba: tururi yana shiga mahaɗarsu, gefuna su kumbura su ɗago, kuma kamfanoni da yawa masu yin irin wannan daɓe suna soke garanti in an yi amfani da shi, ko da mai sayar da na'urar ya ce ba komai. Ledar ɗaki tana yin laushi ta saki gam. Ƙasa ko kayan katako da aka goge da kaki, kakin narkewa yake. Bango mai fentin ruwa yana ɓamɓarewa, takardar bango kuma da tururi ake cire ta da gangan. Fata, siliki, karammiski da duk tufar da aka rubuta a kai wa masu wankin bushe, a bar su. Haka talabijin, kwamfuta, soket, makunnin fitila, kayan kiɗa, da zanen da ke cikin firam. Silin ɗin mota ma da gam yake riƙe, yana saki ya rataya. Mabul da sauran duwatsu suna jure wucewa ɗaya jefi-jefi, amma yawan yi yana cinye abin da aka shafe su da shi don hana shan ruwa.

Tsatsa, tawada, rini da fentin da ya bushe ba su san da zaman tururi ba, kada ku ɓata wutarku.

13. Ƙara ruwa, kashewa da ajiya

In tururi ya fara rauni, ruwa ya kusa ƙarewa. Mai tanki daban da tukunya ana ƙara mata ana cikin aiki. Mai tukunya ɗaya kuwa sai an kashe, an cire filogi, an danna maɓalli har iska ta daina fita, an jira minti 10 zuwa 15.

Gargaɗi: murfin tukunya an yi shi ne ya ƙi buɗuwa muddin akwai matsi. In ya ƙi, kada ku sa masa filaya. Ku jira. Kuma tukunyar da ruwanta ya ƙare ƙaf tana da zafi, in an zuba mata ruwan sanyi tana tofo shi fuska.

Bayan aiki ku zubar da sauran ruwa, ku bar murfi a buɗe ta sha iska. Ku cire tsumma nan take, kada ya kwana a jiki ya yi wari. Tsummokin a wanke su daban a digiri 60, ban da maganin laushin tufafi, domin yana rufe zaren su daina shan ruwa.

14. Wanke tukunya da gyaran ƙananan matsaloli

Bayan kowane cika biyar zuwa goma, ku zuba ruwa a tukunya bayan ta huce, ku girgiza da kyau, ku juye. Za ku ga farin gari yana fita. Wankin ɓawo na sosai kuma ya danganta da ruwanku: mai ma'adinai da yawa duk bayan wata biyu ko uku, mai sauƙi sau ɗaya ko biyu a shekara. Ku yi amfani da maganin da littafin ya ambata, domin wasu tukwanen na alminiyam ne, ruwan khal yana cinsu. Ana zuba maganin, a bar murfi a buɗe, ba a kunnawa, ya jiƙa 'yan awoyi ko kwana, a juye, a ɗauraye sau biyu ko uku. Na'urar da ke da matatar ruwa ba ta son wannan wanki, matatar ake canzawa.

In tana tofar da ruwa: ko an cika ta da yawa, ko ba a jira fitila ba, ko ruwa ya kwanta a tiyo. In tururi ya ragu alhali akwai ruwa: baki ya toshe, a kashe, a bari ta huce, a tsokane ramin da allura, in bai yi ba a wanke tukunya. In tana barin farin gari a ƙasa, ɓawo ne ya yi yawa. In tururi yana tsiyaya ta gefen murfi ko mahaɗar tiyo, zoben roba ya tsufa; a daina aiki da ita har sai an sa sabo daidai girmansa. Tiyon da ya tsage ba a naɗe shi da salatif, canza shi ake yi gaba ɗaya, haka ma wayar wuta in ta ɗaye.